Wayar da Ta Shige Cikin Dutse

Ranar Lahadi ce, da la'asar sakaliya, na ce wa matata Zakiyya zan leƙa ofis in duba janareta. Ba ta ko ɗago daga tsintar shinkafar da take yi ba, ta ce Allah ya tsare. Na tayar da babur na kama hanyar Kiyawa. Hadari ya haɗo ta gabas, iska tana kawo ƙamshin ƙasar da aka yi wa yayyafi a wani wuri. Ba janareta zan duba ba. Aikin wani zan je in ɓata, kuma na san haka tun kafin in zura takalmi.

Sunana Misbahu. Shekara tara ina aikin kwamfuta a ofishin wata ƙungiyar manoma da ke gefen garin Dutse, can a gindin duwatsu. Muna da rassa a Kiyawa da Miga da Garki, dukkansu kuma a jikin babbar kwamfuta guda ɗaya suke rataye, wadda muke kira sabar. Sunan kowane manomi, da girman gonarsa, da abin da yake shukawa, duk a cikinta suke. In ta yi tari ni ake kira. In ta kwanta ni ake tasowa daga gida, ko da loma tana hannuna. Shekara tara ba wanda ya san cikinta sai ni, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina jin daɗin hakan ƙwarai.

Sai aka kawo Davou.

Mutumin Filato ne, dogo, mai yawan fara'a. Ya zo da matarsa Magdalena da 'yarsu Tina, suka kama haya a cikin gari. Na girme shi da shekara bakwai. Kullum da safe sai ya zo teburina ya ɗan rusuna ya ce, "Oga Misbahu, ina kwana." Da ya taɓa yi mini rashin kunya ko sau ɗaya da na sami abin kamawa, amma mutumin nan ko yatsa ka sa masa a baki ba zai ciza ba. Laifinsa ɗaya ne tak: ya iya aiki. Abin da zan kwana biyu ina kewayawa, shi kafin shayinsa ya huce ya gama, sannan ya juyo ya ce, "Ai a wajenka na koya, Oga." Ban koya masa komai ba, kuma mu biyun mun sani.

Da damina ta kusa, shugabar ofishinmu Hajiya Safina ta sanar cewa za a naɗa shugaban sashen kwamfuta. Kujera ɗaya, mu kuma biyu. Ta ce ranar Litinin dattawan ƙungiya za su zo su ga yadda za a buɗe rajistar manoma a rassan nan uku a lokaci guda, bayan nan za ta faɗi wanda aka zaɓa.

A wannan makon ne Davou ya taɓa sabar. A bayanta akwai katin netwok, inda waya take shiga, ta nan ne duk saƙon rassa yake shigowa yake fita. Akwai kuma 'yar manhajar da ke tuƙa katin, muna kiranta direba. Tamu ta tsufa, shi ya sa ma'aikatan Miga kan danna sunan manomi su tafi su yi alwala su dawo bai buɗe ba. Davou ya sauke sabuwa ya ɗora, ya gyara saitin. Washegari daga Miga aka bugo ana tambaya ko sabuwar na'ura muka sayo.

Hajiya da kanta ta tako har ɗakinmu. Ta tsaya a jikin teburina, ta yi magana ta saman kaina. "Davou, Allah ya yi maka albarka. Ka fitar da mu kunya." Ni kuma da ta juyo sai ta tambaye ni ko na ga makullin banɗaki.

Tun daga ranar abinci ya daina yi mini daɗi. In Davou ya yi dariya sai in ji kamar da ni yake. Ranar Juma'a ya biyo ni har bakin ƙofa yana cewa, "Oga, akwai abin da nake so in nuna maka a kan katunan nan." Na ce masa masallaci za ni, na wuce ban waiwayo ba. Hassada ce, na san sunanta, ban kuma kore ta ba.

Sai in gaya muku yadda ɗakin sabar yake, don a nan abin ya faru.

Tsohon sito ne a ƙarshen gini, bangonsa na baya ba bulo ba ne, dutsen ne da kansa. Malam Barau, wanda na gada, shi ya kafa sabar a ciki. Kati biyu ya sa mata. Na ɗaya, shuɗiyar wayarsa tana hawa rufi zuwa eriya, shi ne yake aiki. Na biyu kuwa, wata tsohuwar waya ce ruwan toka, tana bin ƙasa ta shige wata 'yar kafa a gindin dutsen. Ba a jona ta da komai ba. Amma 'yar fitilar katin kullum a kunne take, koriya shar.

Ranar da zai miƙa mini makulli, Malam Barau ya ce tun da aka yi ginin aka toshe wa mutanen dutse hanyarsu. Na'ura uku suka ƙone a wata biyu. Sai da aka bar musu kafar nan, aka shimfiɗa waya, sannan aka zauna lafiya. "Ka yi duk abin da kake so da na ɗaya," in ji shi. "Na biyu ba naka ba ne. Kuma in za ka shiga ka yi sallama." Na ce to. A raina kuwa na ce tsufa ne. Ban taɓa katin ba, don ba ni da abin yi da shi, amma sallamar ko mako ban yi ina yi ba. Davou kuwa, da yake maigadi ya gaya masa tun ranar farko, bai taɓa shiga ba sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Salamu alaikum, masu gida." Kirista ne fa. Har dariya nake yi masa.

Na isa ofis rana ta faɗa bayan duwatsu. Maigadinmu, Baba Modibbo, yana tsugune da buta a bakin get.

"Malam Misbahu, yau Lahadi?"

"Ɗan aiki ne, Baba. Minti biyar."

Ya dubi hannuna, ya ga makullin da na riƙe. Ya ajiye butar.

"Ɗakin can za ka? Magariba ta kawo jiki. Ka bari mu yi salla tukuna."

"Yanzu zan fito in same ku."

"Lokacin dawowarsu gida ne," ya ce a hankali. "Ba a tsaya musu a hanya."

Na yi murmushin da ake yi wa tsofaffi, na wuce. Ina jin takunsa ya nufi masallacin bakin titi.

Ban yi sallama ba. Na murɗa makulli na tura ƙofar ƙarfen, ta rufe kanta a bayana. Sanyin esi, na'urar sanyaya ɗaki, ya daki fuskata. Ɗakin yana warin batir da tsohuwar roba, fankokin sabar suna ta gurnaninsu na kullum. Wata tsaka tana manne a jikin dutsen, kusa da ƙwan fitila.

Na ja kujera na zauna. Ban shiga da sunana ba. Na taɓa leƙen yatsun Davou yana buga kalmar sirrinsa, sunan 'yarsa ne da shekarar da aka haife ta. Na buga, ta buɗe. Sunansa ya fito a saman allon. Duk abin da aka taɓa yanzu, sabar za ta rubuta cewa shi ya yi.

Ba kashe katin zan yi ba, da an gane da wuri. Matse shi zan yi. Gobe a gaban dattawa rassa su tsaya cak, Davou ya yi ta zufa, ni kuma in taso a hankali in gyara cikin minti biyu.

Na buɗe jerin katunan. Shekara tara hannuna ya san hanya, ban ma karanta ba. Na danna na ɗaya, na shiga saitin direba. Gudunsa yana kan dubu, na mayar da shi goma. A ƙasa akwai wurin da ake zaɓar ko kati ya riƙa aikawa da karɓa a lokaci guda, ko kuwa sai ya gama ɗaya ya yi ɗaya. Na zaɓi na biyun. Na danna amincewa.

Daga nesa aka fara kiran salla.

Na leƙa bayan sabar don in ga aikina. Fitilar shuɗiyar waya ya kamata ta canza launi. Ba ta canza ba. Tana nan koriya, tana ta ƙiftawa abinta.

Ta wayar toka ce ta koma ruwan ɗorawa.

Na daɗe ina kallonta kafin kaina ya ɗauka. In an ɗora sabuwar direba, sabar takan sake jera katunan. Na ɗaya ya koma na biyu, na biyu ya koma na ɗaya. Abin da Davou ya biyo ni zai nuna mini ke nan ranar Juma'a.

Na ce a raina ba komai, waya ce da ba ta zuwa ko'ina. Na koma zan zauna.

Tsakar nan ta faɗo ƙasa, tim. Ba ta gudu ba.

Gurnanin fankokin ya fara sauka. Ba wuta aka ɗauke ba, ƙwan fitila yana ci. Sauka kawai suke yi, a hankali, har na fara jin numfashina.

Sai na ji taku.

Ba daga baranda ba. Daga cikin dutsen.

Da farko kamar mutum ɗaya. Sai biyu. Sai na kasa ƙirgawa. Ƙafafu marasa takalmi a kan tsakuwa, da kofatai, da ƙwarya tana bugun ƙwarya. Wani ya yi tari. Akuya ta yi kuka can ciki, a inda babu wurin da akuya za ta tsaya.

Takun ya zo daidai bangon ya tsaya. Na bayansu ba su tsaya ba. Ina jin suna taruwa, suna turo juna, ana gunaguni ƙasa-ƙasa da harshen da ban sani ba.

Warin ɗakin ya canza. Hayaƙin kashin shanu. Tsamin nono. Jiƙaƙƙen gashi.

Yashi ya fara zubowa daga 'yar kafar nan.

Wayar toka ta motsa. Na gani da idona. Wani kumburi ya taso a jikinta daga bakin kafar, yana tafiya kaɗan-kaɗan, kamar loma a wuyan akuya. Ya yi taki ɗaya ya maƙale. Robar ta fara wari.

A cikin kumburin wani abu ya yi kuka. Siririn kuka, na jariri.

Na tashi na yi ƙofa. Na murɗa hannunta, na ja, na sa kafaɗa. Kamar an gina ta da bangon.

Na buɗe baki zan karanta Ayatul Kursiyyu. Ayar da na haddace tun ina ɗan shekara shida. Kalma uku na yi, sauran suka ɓace.

"Buɗe."

A bayan kunnena aka faɗa. Muryar tsohuwa ce, a shaƙe. Numfashinta sanyi.

Ban juya ba. Na ja ƙafa na koma kujera. Allon ya rufe kansa, yana neman kalmar sirri. Na buga sunan yarinyar. Ya ƙi. Na sake. Ya ƙi. In na kuskure na uku, sabar za ta kulle sunan gaba ɗaya.

Kukan ya fara yankewa.

"Buɗe," aka sake cewa.

Na riƙe hannun damana da na hagu. Harafi ɗaya. Harafi ɗaya. Lamba huɗu.

Ta buɗe.

Kibiyar linzamin kwamfuta tana jan jiki a kan allon kamar mai ciwon ƙafa. Na kai ta kan goma. Na mayar dubu. Na mayar da ɗayan yadda yake. Na danna.

Shiru.

Fitilar ta koma koriya.

Na runtse ido, don na san abin da zai biyo baya ba na gani ba ne. Iska mai sanyi ta taso daga bayan sabar ta bi ta idon sawuna. Suka fara wucewa. Tufafi suna gogar wandona. Wani abu mai gashi ya bangaji gwiwata. Ƙwarya, kofato, tari, duk suka bi ta gefena suka fice ta ƙarƙashin ƙofar da ko takarda da ƙyar take shiga. Ban san tsawon lokacin ba. Na dai ji liman ya kai raka'a ta biyu.

Fankokin suka dawo da gurnaninsu. Na buɗe ido.

Ba duka suka tafi ba.

A gilashin allon na gan ta, tsaye a bayan kujerata. Gajeriya, a lulluɓe, inda fuska ya kamata ta kasance duhu ne kawai. Da goyo a bayanta. Goyon yana jan numfashi sau ɗaya, ya tsaya, ya daɗe, sannan ya sake ja.

"Jikata ce," ta ce. "Ita ce a gaba."

Sannan ta tambaye ni:

"Wa ya matse mana hanya?"

Na ɗaga yatsa, na nuna saman allon.

Ta sunkuyo. Lulluɓinta ya taɓa kafaɗata, a jiƙe yake.

"Davou?" ta ce. "Mai gaishe mu?"

Yadda ta faɗi sunan ne. Da taushi, yadda ake faɗin sunan ɗan maƙwabci mai ladabi. Ina tsakiyar mutuwa don tsoro, amma wallahi sai da na ji abin nan ya soke ni a ƙirji. Har su ma? Har a cikin dutse?

"Shi ne," na ce da raɗa. "Ga sunansa nan. Ni gyara na zo yi."

Tsoro ne ya buɗe bakina, wannan gaskiya ne. Amma ba tsoro ne ya zaɓi abin da na faɗa ba.

Ta kama wuyan hannuna. Yatsunta dogaye, sun zagaye shi har sun haɗu sun wuce. Ta ɗaga hannun zuwa cikin duhun lulluɓin. Na ji tana shinshinawa, yatsa bayan yatsa.

"Hannun nan," ta ce. "Yana warin..."

Aka buga ƙofa da ƙarfi.

"Salamu alaikum, masu gida! A yi haƙuri, a yi afuwa! Malam Misbahu!"

Baba Modibbo ne.

Riƙon ya sassauta.

"Za mu tambaye shi," ta ce. "Abin da aka yi mana, shi za mu yi."

Ƙofar ta buɗe da turawa ɗaya, kamar ba ita ba. Na bangaje tsohon na fita da rarrafe, na yi amai a gindin bishiyar darbejiya. Ya tsaya a kaina da tocila, bai tambaye ni komai ba sai da na gama.

"Me ka taɓa?"

"Ba komai, Baba. Jiri ne."

Ya haska wuyan hannuna, ya daɗe yana kallo. Sannan ya kashe tocilar ya ce in tafi gida kafin ruwa ya sauko.

Ranar Litinin dattawa suka zo da manyan riguna, aka jera musu kujeru. Ƙarfe tara aka buɗe rajista. Kiyawa ta shigo, Miga ta shigo, Garki ta shigo, sunayen manoma suna ta zubowa ba ko tangarɗa, tunda katin da ke aiki ban taɓa shi ba. Hajiya Safina tana ta murmushi. Ta ce Davou ya tashi ya yi wa iyayenmu bayanin abin da ya yi.

Ya tashi. Na lura tun safe bai zo gaishe ni ba, hannu kawai ya ɗaga mini. Ya buɗe baki.

"Ran..."

Aka jira. Jijiyoyin wuyansa suka tashi. Zufa ta keto masa.

"...ku..."

Wani dattijo ya ce, "Yaro, lafiya?" Davou bai ji shi ba. Sai da ya rufe baki ya haƙura da maganar, sannan ya juya a firgice, kamar yanzu tambayar ta iso kunnensa. In yana magana ba ya ji. In yana ji ba ya iya magana. Kalma ɗaya kuma sai ta ci kusan rabin minti kafin ta fito.

Ni kaɗai a ɗakin na san saitin da aka yi masa.

Magdalena ta kai shi asibiti a nan, aka tura su Kano, aka yi hoton kai, aka ce ba a ga komai ba. A cocinsu aka yi ta addu'a. Baba Modibbo ya je har gida ya yi masa tofi, da ya dawo kuma ya daina amsa gaisuwata da baki, sai da kai. Bayan wata biyu suka kwashe kaya suka koma garinsu. Ni na taya su ɗaure katifa a saman mota, Magdalena tana ta yi mini godiya.

Hajiya ta kira ni ofishinta ta ba ni takardar naɗi. Ta ce, "Ka san dai yadda abin ya kasance, Malam Misbahu. Allah ya taya ka riƙo." Aka kawo mini kujera mai juyawa, aka manna sunana a ƙofa. Zakiyya ta yi waina ta raba wa maƙwabta. Har yau in netwok ya ɗan yi nauyi, sai in ji wani a baranda yana cewa, "Allah sarki Davou."

Na sha tsayawa a ƙofar ɗakin sabar da magariba, da niyyar in shiga in faɗi gaskiya. Kalma biyu ce: ni ne. Sai in tuna numfashin goyon nan, in tuna ina da 'ya'ya uku, in juya in hau babur.

Wata bakwai bayan tafiyarsu, ranar wata Laraba ina ofis, wayata ta yi ƙara. Sunansa na gani. Na tashi na rufe ƙofa kafin in ɗauka.

"O... ga."

"Davou! Ya jiki? Ya Madam da Tina?"

Bai ji ni ba, yana kan magana. Na yi shiru na bar shi. Abin da zan rubuta a ƙasa ya ɗauke shi kusan minti ashirin. Ina jin yadda yake jan kowace kalma, ina jin kaza tana kuka a bayansa, ni kuma ina zaune ina jira.

Ya ce mutanen dutsen suna zuwa masa kowace magariba, har can. Tsohuwar takan tsaya a bakin gado ta tambaye shi abu ɗaya: in ba kai ba ne, wane ne? Ta ce ranar da ya faɗi suna, ranar za a sake shi.

Ya ce kafin su tashi daga Dutse ya duba rajistar sabar. Ya ga an shiga da sunansa ranar Lahadi da magariba, lokacin yana coci. Ya ga katin da aka taɓa.

"Mutum... ɗaya... ne... zai... danna... na... ɗaya... bai... duba... ba."

Na jira ya gama, don ya iya jina.

"Ka gaya musu?" na ce.

Har na duba ko layin ya yanke, sai ga amsarsa.

"A'a."

"Don me?"

"Yaran... ka... uku... Oga. Ni... ɗaya."

Ya ce ba don ya tayar mini da hankali ya kira ba. Ya kira ne don kada wani ya sake kuskuren, in manna takarda a jikin katunan, in rubuta wanne ne wanne. Sannan ya ce yana taya ni murnar kujera, bai samu ya faɗa ba kafin su tafi. Kalmar murna kaɗai sai da ya yi mata yunƙuri uku.

Na ajiye wayar a kan tebur. Na jira kunya ta zo, ta kuwa zo, har na kasa ɗaga kai. Amma a ƙarƙashinta akwai wani abu da na sani sarai, yana nan da ransa, bai rage ko kaɗan ba. Mutumin nan yana kwance a ƙauye, an matse masa harshe saboda ni, maganinsa yana bakinsa ya ƙi faɗa. Da ni ne a wurinsa, ko daren farko ba zan kai ba.

Ko a nan ma ya fi ni.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Masinja ne, ya leƙo ya ce, "Shugaba, Hajiya tana kira."

Na goge fuskata, na gyara hula, na ce masa ga ni nan zuwa.